Daga Kasuwar Jega zuwa Gaban Alƙali: Yadda Ake Binciken Damfara da Abin da Ke Yi Masa Tarnaƙi

Duk sa'ad da aka damfari wani a Jega ko Aliero ko Maiyama, ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Wanda aka cuta ya ce ya kai ƙara, an kama mutumin, ba a yi kwana biyu ba ya gan shi yana yawo a kasuwa. Dangin wanda aka kama su ce bashi ne kawai ya haɗa su, aka shafa wa ɗan'uwansu kashin kaji. Masu kallo kuma su yanke hukunci cewa an ci kuɗi. Wani lokaci zargin nan gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da ke faruwa shi ne jama'a na ɗaukar kamu a matsayin ƙarshen magana, alhali a wajen doka kamu bai tabbatar da komai ba. Aikin mai bincike shi ne ya mayar da kukan wanda aka cuta hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali, ko bayan lauyan wanda ake tuhuma ya gama jijjiga ta. Sana'a ce mai iliminta da ƙa'idojinta, kuma a yankin da yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi, wahalarta ninkuwa take yi.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Damfara ita ce karɓar dukiyar mutum da yardarsa, amma yardar da aka samo da ƙarya. A nan ta rabu da sata, wadda ake ɗauka ba da sanin mai kaya ba, da fashi, wanda ake ƙwacewa da ƙarfi. Cin amana kuwa, ko zamba cikin aminci, shi ne a danƙa wa mutum dukiya ta hanyar halal, ajiya ce ko saƙo ko kuɗin ƙungiya, daga baya ya yi sama da faɗi da ita. Almundahana an fi ambatonta a kan kuɗin hukuma ko na kamfani, irin su aringizon kuɗin kwangila da albashin ma'aikatan bogi. Halatta kuɗin haram shi ne juya abin da aka samu ta waɗannan hanyoyi zuwa gida ko gona ko gidan mai, har asalinsa ya ɓace.

Lambar nan 419 da ake laƙaba wa 'yan damfara, sashe ne na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Najeriya. Arewa tana da nata kundin, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, kuma a tsarinsa na asali yaudara tana sashe na 320 zuwa 322, cin amana kuma a 311 da 312. Jihar Kebbi ta ƙara da kotunan Shari'ar Musulunci masu hurumin laifuffuka tun shekarar 2000. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, wadda hukuncinta ke kamawa daga ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin.

Ana kuma rikita odita da mai binciken damfara. Odita yana duba littattafan kuɗi ne ya ga ko lissafi ya daidaita, kuma ba lalle ne yana zargin kowa ba. Mai binciken damfara yana shiga ne bayan zargi ya taso, kuma tun daga takardar farko da ya taɓa, kotu ce a ransa. Irin wannan bincike na ƙwaƙwaf da ake yi wa lissafi ko waya ko sa hannu domin a gabatar a kotu, shi ake kira forensik.

Bashi ne ko damfara?

Nan ne ruɗanin ya fi yawa, kuma nan aka fi zaluntar mutane ta ɓangarorin biyu.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ya zo Aliero lokacin kakar albasa, ya ɗauki buhu ɗari biyu a kan zai biya idan ya sayar a Anacha. Wata biyu ya wuce, babu kuɗi. Mai albasa ba shi da shakka cewa an damfare shi. Mai bincike kuwa dole ya buɗe ƙofofi uku. Mai yiwuwa motar ta lalace a hanya albasa ta ruɓe, ko farashi ya karye, ko rikici ya rutsa da kayan, kamar yadda 'yan kasuwar Arewa suka yi asara a rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021. Wannan asara ce, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai yiwuwa kuma ya sayar, ya toshe wani ramin da kuɗin, yana ta kwana-kwana. Wannan taurin bashi ne, kotu za ta iya tilasta shi ya biya, amma ba a ɗaure shi a kan damfara. Ƙofa ta uku ita ce tun farko bai zo da niyyar biya ba: ya ba da sunan ƙarya, ya nuna shagon da ba nasa ba, ya kashe layin wayarsa ranar da mota ta tashi, kuma ya taɓa yi wa wasu haka a wata kasuwar.

Abin da ya raba su shi ne niyya a lokacin ƙulla ciniki, ita kuwa niyya ba a ganinta. Ana gano ta ne daga abin da mutum ya faɗa kafin a ba shi kaya, da abin da ya aikata bayan ya karɓa. Idan wanda aka ba kayan dillali ne da aka wakilta ya sayar ya kawo kuɗin, maganar ta sake salo, ta koma cin amana, domin kayan ba nasa ba ne tun asali.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato a tsare uba ko mata don a matsa wa wanda ake nema. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa 'yan sanda da hukumar yaƙi da almundahana ta EFCC ba 'yan karɓar bashi ba ne. Duk da haka, mai bin bashi da yawa ya fi son ofishin 'yan sanda a kan kotu, don ya san kwana ɗaya a bayan kanta ya fi sammaci goma saurin fito da kuɗi. Jami'in da ya biye masa ya karya doka, ya kuma ɓata lokacin da ya kamata ya ba wa damfarar gaske.

Su wa ke binciken?

Ƙarar mutumin ƙauye a ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma take farawa, idan ta yi nauyi a miƙa ta sashen binciken manyan laifuffuka da ke Birnin Kebbi. Hukumar ICPC, wadda aka kafa a 2000, ta fi karkata ga cin hanci a ma'aikatun gwamnati. EFCC ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, kuma ofishinta na shiyya da ke Sakkwato shi ke kula da Kebbi da Zamfara. A bayan fage akwai NFIU, cibiyar da bankuna ke kai wa rahoton hada-hadar da ba su yarda da ita ba, wadda aka raba da EFCC a 2018.

Mutanen Jega ba baƙin wannan sana'a ba ne. Abdulrasheed Bawa, wanda ya shugabanci EFCC daga Fabrairun 2021, ɗan garin ne. Ilimin tattalin arziki ya karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana cikin rukunin farko na jami'an da hukumar ta horar da kanta, kuma shi ne shugabanta na farko da bai fito daga aikin ɗan sanda ba. Ya yi suna ne a binciken almundahanar tallafin man fetur, binciken da kusan gaba ɗayansa karatun takardu ne: takardun lodin jiragen ruwa, da na banki, da gwada abin da aka ce an shigo da shi da abin da ya iso ƙasa.

Ƙwarewar da aikin ke buƙata

Ta farko bin sawun kuɗi. Kuɗin damfara ba ya kwana a asusun da ya fara faɗawa. Cikin 'yan mintoci ake rarraba shi zuwa wasu asusun, a cire wani a wajen masu POS, wato na'urar cire kuɗi ta hannu, a sayi kuɗin intanet na kirifto da saura. Lambar BVN da bankuna suka fara bayarwa a 2014, da haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN tun ƙarshen 2020, sun sauƙaƙa gane mai asusu. Sai dai 'yan damfara sun iya hayar asusu. Sukan ba talaka 'yan kuɗi kaɗan su buɗe asusu da sunansa, ko su ce masa tallafi za a turo. Mai binciken da bai ƙware ba zai kama wannan talakan ya ce ya gama. Ƙwararre ya san ya iso matakala ta farko ne kawai. Lokaci ma abokin gaba ne: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba da damar a dakatar da asusu na awa 72, bayan haka sai da umarnin kotu. Wanda ya yi mako yana roƙon ɗan damfara a waya kafin ya sanar da bankinsa, ya riga ya ba shi duk lokacin da yake buƙata.

Ta biyu sanin dokar shaida. Hoton alat, wato saƙon banki na shigar kuɗi, da aka ɗauka daga waya, ko saƙon WhatsApp da aka buga a takarda, ba a miƙa wa alƙali haka nan. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buƙaci a bayyana na'urar da ta fitar da shi, a kuma tabbatar tana aiki daidai, yawanci da takardar shaida mai sa hannun wanda ke kula da ita. Wayar da aka karɓa daga hannun wanda ake zargi, dole a iya faɗin duk hannun da ta bi, daga ranar kamu zuwa ranar da aka ajiye ta gaban kotu. Giɓi ɗaya ya ishi lauya ya ce an yi mata ƙari.

Ta uku iya tambaya. Jama'a na ganin idan mutum ya amsa laifinsa an gama. Amma amsawar da aka samo da duka ko barazana ba ta da daraja a kotu, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da dukan kansa laifi. Da zarar wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, sai a tsayar da shari'ar a buɗe wata ƙarama a cikinta don a tantance, watanni su tafi. Shi ya sa dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar jawabi a bidiyo ko a gaban lauya. Mai bincike na gari yakan tara takardunsa tukuna, ya bar tambayar wanda ake zargi zuwa ƙarshe, ya bar shi ya yi ta bayani har bayanin ya ci karo da abin da ke rubuce.

Akwai kuma sanin halin ɗan Adam. Wani masanin laifuffuka ɗan Amurka, Donald Cressey, ya yi hira da fursunonin da suka ci amanar dukiya, ya wallafa sakamakon a 1953. Daga aikinsa aka fitar da abubuwa uku da kan haɗu kafin amintacce ya ci amana: matsin da yake ɓoyewa, da damar da ba mai sa ido a kanta, da uzurin da yake ba kansa, irin su "aro na yi, zan mayar". Duk wanda ya san yadda adashi ke rushewa, ko yadda kuɗin ƙungiyar manoma ke narkewa a hannun ma'aji ɗaya da ke karɓa, ya rubuta, ya kuma ajiye, ya san wannan ba sai an fassara masa ba.

Cinikin da ba takarda

Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da wadda ta ratsa Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, kuma kasuwarta ta hatsi da dabbobi ta daɗe tana jan fatake. Dukiya mai yawa tana sauya hannu a nan da musafaha da shaidar dillali. Tsarin ya yi aiki shekara da shekaru domin kowa ya san gidan kowa. Abin lura, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma har yau neman a rubuta yarjejeniya yakan zama kamar zargi ga abokin ciniki.

Sai dai kuskure ne a ce irin wannan ciniki ba ya barin sawu. Akwai takardar lodi a tasha, da rasiɗin harajin ƙaramar hukuma, da littafin dillali ko da da ajami ya rubuta, da leburorin da suka ɗora kaya, da direba, da tarihin kiran waya, da saƙon murya. Jami'in da bai san bambancin la'ada da riba ba, ko bai san mudu nawa ke cika buhun wannan kasuwa ba, zai wuce waɗannan bai gan su ba. A ganin mai wannan sharhi, sanin kasuwa da harshen mutanenta ƙwarewa ce da ta kai ta kwamfuta muhimmanci, ko da yake ba a ba da takardar shaida a kanta.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura dubban 'yan kasuwa ga taransifa ba shiri. Da shi alat na bogi ya yawaita, da masu kira su ce daga banki suke, a ba su lambar sirri. Akwai kuma dokar da 'yan kasuwa da yawa ba su san da ita ba: mutum ba shi da izinin biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan goma. Kuɗin tirela guda ta albasa a lokacin tsada ya wuce haka.

Darasin bashin manoma

A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, ranar 17 ga Nuwamba 2015, shirin ba manoma iri da taki da kuɗin aiki su biya da amfanin gona. Zuwa farkon 2023 an raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasar. Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal aka mayar, Babban Bankin ya musanta, ya ce an haura kashi 52.

Ko wanne aka ɗauka, giɓin babba ne, kuma ra'ayi ya rabu a kan sunan da za a ba shi. Wasu na cewa manoma sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Manoma na cewa ambaliya ta cinye gonaki, kayan aiki kuma sukan iso bayan lokaci ya wuce. Wasu kuma na nuna yatsa ga manoman bogi da 'yan tsakiya. Duka ukun suna iya zama gaskiya a ƙauye ɗaya, kuma aikin bincike shi ne rarrabe su, suna bayan suna: akwai gonar? wa ya sa hannu ya karɓi takin? asusun wa kuɗin ya shiga? Idan ba a auna gona ba, ba a tantance mai ita ba tun ranar rabo, to bayan shekara biyar babu ƙwararren da zai iya sake gina abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Kotu, siyasa da matsin gida

Ko bincike ya yi kyau, shari'a na iya cinye shi. Shari'o'in tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun fara a 2007, ba a yanke hukunci ba sai 2018, sannan aka yi musu afuwa a Afrilun 2022. Ɗaurin da aka yi wa wani tsohon gwamnan, Orji Uzor Kalu, a Disambar 2019, Kotun Ƙoli ta soke shi a Mayun 2020, ba don ta auna hujjojin ta ga ba su isa ba, sai don alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A irin wannan tsawon lokaci shaidu na mutuwa, jami'ai na sauya wurin aiki.

Kujerar shugabancin EFCC ita ma ba ta da kwanciyar hankali. An kawar da Ribadu a ƙarshen 2007, an sallami Farida Waziri a 2011, an dakatar da Ibrahim Magu a 2020. Bawa ma an dakatar da shi a Yunin 2023, hukumar tsaron farin kaya ta DSS ta tsare shi fiye da wata huɗu kafin ta sake shi a Oktoba. Masu goyon bayan irin waɗannan matakai na cewa mai bincike ma dole a bincike shi. Masu suka na cewa ƙaramin jami'i yana kallo, kuma darasin da yake ɗauka shi ne ya yi taka-tsantsan da fayil ɗin manya.

A ƙaramin gari matsin ba daga Abuja yake zuwa ba. Wanda ake zargi surukin wani ne, almajirin wani ne, maƙwabcin shaida ne. Kafin a kammala rubuta jawabi, dattawa sun shiga tsakani. Masu son sulhu na da hujja mai ƙarfi: wanda aka cuta kuɗinsa yake so, ɗauri kuwa ba ya mayar da ko sisi. Masu adawa na cewa ɗan damfarar da ya biya mutum ɗaya aka rufe maganar, da kuɗin mutum na gaba ya biya. Sulhu ya dace da bashi da kuskure. Wanda ya mayar da yaudara sana'a kuwa, rufa masa asiri tura shi ne kasuwa ta gaba.

Ana kuma jayayya a kan alƙaluman nasarar da hukuma ke fitarwa. EFCC ta ce ta samu hukunci 3,785 a 2022, da 4,111 a 2024. Masu suka na cewa mafi yawansu samarin damfarar intanet ne da suka amsa laifi don a sassauta musu.

Abin da ake hange

Yayin da ciniki ke ƙara komawa waya, hujja za ta yawaita, amma ɗan damfara zai ƙara nisa, yana wata jiha ko wata ƙasa. Tsare-tsaren zuba kuɗi a ninka maka, daga MMM da ya rushe a Disambar 2016 zuwa CBEX a Afrilun 2025, sun nuna cewa waya ɗaya ta isa a kwashe dukiyar gari guda. Ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma, inda sau da yawa mai ƙara ne ke biyan kuɗin mota da na takarda, ba a shirya shi don wannan ba, ƙananan ƙararraki kuma ba kasafai suke isa Sakkwato ba.

Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken damfara ta duniya, ACFE, ta ce a rahotonta na 2024 kashi 43 cikin ɗari na damfarar da ake yi a wuraren aiki ta hanyar tsegumin wani aka gano ta, fiye da kowace hanya. Najeriya ta fito da tsarin ba masu fallasa lada a Disambar 2016, daga kashi biyu da rabi zuwa biyar na abin da aka ƙwato, amma tsarin na dukiyar gwamnatin tarayya ne. Akawun ƙaramar hukuma ko sakataren ƙungiyar manoma da ya ga ana cusa sunayen bogi, lissafin da yake yi kafin ya buɗe baki shi ne ko sunansa zai fita, domin gobe a masallaci ɗaya zai yi sahu da wanda ya tona.